Arba'in da Ɗaya a Raba da Sha Takwas

Chae Bunok ba ta yi karatun nas ba, balle na likita. A aji tara ta tsaya, shekarar da mahaifinta ya yanke cewa hannu biyu a fadamar shinkafa sun fi masa amfani a kan kai ɗaya a cikin aji. Ta bi shi fadama ba musu, amma kan nata ya riga ya kama lissafi, kuma har ta manyanta bai sake shi ba. Tana da shekara ashirin da biyu ta auri Eom Dalsu, manomin shinkafa a wani ƙauye bayan garin Helong na ƙasar Sin, mutum mai yawan tsokana da ƙarancin fushi. Suka haifi 'ya ɗaya, Hyangran, wadda ta girma ta tafi aiki Qingdao, ta yi aure a can.

Sannan ƙauyen ya fara zubewa. Mu Koriyawan ƙasar Sin, tun da aka buɗe mana ƙofar Koriya ta Kudu, sai muka zama kamar buhun da ya huje ta ƙasa. Mata ne suka fara tafiya, don su ake nema: wanke-wanke a gidajen abinci, rainon yara, jinyar tsofaffi. Makarantar firamare ta koma ɗakin ajiye taki. Bunok ta daɗe tana cijewa, sai da ta kai arba'in da bakwai ta bi sahu, da alƙawarin shekara uku. Kowa ma shekara uku yake cewa.

Ta samu aikin jinya a wani asibitin tsofaffi a garin Ansan, can Kudu. Ɗaki ɗaya, gado shida, duka nata. Ta juya wannan, ta wanke wancan, ta ba na uku kunu cokali-cokali yana tofo mata shi a riga. 'Ya'yan majinyatan suna kiranta Inna idan suna gabanta, idan ta juya baya kuma ta zama 'yar Sin ɗin nan. Mu a gida Koriyawa ake ce mana, a Kudu kuma mutanen Sin, kuma an daɗe da daina jin zafin abin.

A makonta na farko ta ga nas ta soki yatsan wani tsoho, ta rubuta ɗari da arba'in a takardar da ke jikin gadonsa. Saura kaɗan kwanon ruwan da ke hannun Bunok ya suɓuce. A gida, surukinta da suga talatin ya mutu, ga wannan kuma da ɗari da arba'in yana zaune yana neman a kunna masa talabijin. Da Bunok ta faɗi abin da ya tsorata ta, nas ɗin ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta gaya mata ta raba da sha takwas. Bunok ta raba a ka, ta samu bakwai da ɗigo takwas, hankalinta ya dawo jikinta. A ranar ta gane jini ɗaya ne amma lambarsa biyu. Takardun gida suna ƙidaya milimol a lita, na Kudu suna auna miligiram a desilita, kamar dai shinkafa ce wani ya auna da kwano, wani ya ɗora a sikeli.

Daga nan ta shiga tambaya, kuma ba ta jin kunyar tambaya. Kafin shekara ta zagayo ta haddace sauran. Lambar ƙoda a raba ta gida da tamanin da takwas. Yawan jini a matsar da ɗigo gida ɗaya. Kitsen jini a ninka da talatin da tara. Ba ta rubuta ko ɗaya ba.

Lokacin abincin rana, masu jinya sukan taru a matakalar da ke bayan ɗakin wanki, kowa da kwanon shinkafarta da kimci, kabejinmu mai tsami da yaji, a cinya. Kusan dukkansu 'yan Yanbian ne, yankinmu na gida, kuma kusan kowace ta bar wani a gida da ciwo. Sai a ciro waya, a nuna wa Bunok hoton takardar gwajin jini. Sun sa mata suna Malama Sha-takwas.

"Yaya, duba mini na tsohon nan nawa," in ji wata 'yar Tumen, tana miƙo waya. "Ya ce wai likita ya ce lafiyarsa ƙalau."

Bunok ta kalla, ta ci gaba da tauna. "Ƙodar ɗari da saba'in da shida. A lambar nan biyu ke nan cif. Kin ga tsohuwar gado na huɗu a ɗakina, mai kumburin ƙafa? Tata biyu da ɗigo uku. Ki ce masa ko dai likitan ne maƙaryaci ko shi."

"Shi ne, tun ba yau ba."

"To ki ce ya rage gishiri, ya bar barasa. In ya ƙi, ki fara neman wani tun da sauran haƙoranki."

Aka yi dariya, amma matar ta koma gefe ta kira gida tana magana ƙasa-ƙasa. Amfanin Bunok ke nan. Lambar gida ba ta ce wa matan nan komai, don sun daɗe ba su gan ta a jikin mutum ba. Amma da zarar an juya ta zuwa lambar Kudu, sai su ga mijinsu ko uwarsu kwance a ɗaya daga cikin gadajen da suke wankewa kullum.

Shekararta huɗu a Ansan aka gano Dalsu yana da ciwon suga, bayan shekara biyu kuma aka ɗora shi a kan allurar sauke suga. Tun daga lokacin tsoronta ya zama ɗaya tak: kada Dalsu ya faɗi a gidan da babu kowa. Ba ta da yadda za ta riƙe shi sai da lamba. Kowace safiya kafin ta fara wanke majinyata, sai ta fita baranda ta kira shi, ya soki yatsa, ya karanto mata abin da na'urar ta nuna.

"Tara da ɗigo huɗu, Maman Hyangran."

"Me ka ci jiya?"

"Iska na sha, na kora da ruwa."

"Iskar da ake dafawa da taliya ko? Baban Hyangran, kar ka mayar da ni yarinya."

Sai ya yi dariya ya amsa laifinsa, ya ba ta labarin wanda ya mutu da wanda ya tafi Kudu a makon. Ya tambaye ta yaushe za ta dawo, ta ce bari dai tsohuwar gado na biyu ta samu sauƙi, ko bari takardar zamanta ta ƙare. Bai taɓa matsa mata ba. Yakan ce shi ma ya saba da girkin kansa, har ya fi nata daɗi, kuma dukkansu sun san ba haka ba ne.

A shekara ta takwas ta sayi na'urar gwajin suga irin wadda nas-nas ɗin asibitinsu ke amfani da ita, da kwalayen tsinken gwaji masu yawa. A wajenmu ba a komawa gida hannu sake. Duk mai tafiya Yanbian sai an loda masa saƙon mutane: tukunyar dafa shinkafa, maganin ciwon gwiwa, man shafawa, komai in dai na Kudu ne, don mun yarda ko allurar ɗinki ce ta Kudu ta fi ta gida kaifi. Bunok ta ba wata mai tafiya na'urar. Ta ce wa kanta ta fi ta gida gaskiya, kuma tana so mijinta ya samu abin da iyayen masu hali ke samu. Wannan gaskiya ne. Amma akwai wani dalilin da ba ta faɗa ba: tana so ta riƙa jin lambar Dalsu a harshen da kunnenta ya saba, ta iya nuna wa nas kai tsaye ba tare da ta juya komai ba.

Ba ta yi sakaci ba, a ganinta. Ta samu kwali mai kauri ta ja layi biyu, lambar Kudu a hagu, ta gida a dama. Saba'in da biyu, huɗu. Casa'in, biyar. Ɗari da ashirin da shida, bakwai. Ɗari da tamanin, goma. Haka har ɗari uku da sittin, ashirin. Dalsu ya manna kwalin a bangon kicin, saman tukunyar shinkafa. Wata uku ya yi yana dubawa, daga nan ya haddace. Da matarsa yana magana da lambar Kudu, idan kuma wani a ƙauye ya tambaye shi yaya sugan, sai ya juya a ka ya ba shi ta gida, don kada a ce yana yi wa mutane fankama da kayan Kudu. Shi ya sa babu wanda ya san na'urar Dalsu da wani harshe take magana.

A lokacin gidaje bakwai ne suka rage da hayaƙi a ƙauyen. Mafi kusa da nasu shi ne na Goggo Pyo, gwauruwa mai shekara saba'in da tara, wadda 'ya'yanta uku duk suna Kudu. Ita ma mai suga ce, shekara ashirin tana yi wa kanta allura, kuma tana alfahari da hakan kamar wadda ta ci jarrabawa. Ita ce ke leƙa Dalsu, shi kuma yana faskara mata itace. Bunok takan aiko mata da safa mai ɗumi duk sanyi, tana ce mata, "Goggo, amanarki ce." Da wannan take samun barci.

A shekara ta goma sha ɗaya lambar ƙodar Dalsu ta fara hawa. Bunok ta sani daga ɗakin jinya cewa idan ƙoda ta yi rauni allura takan daɗe a jiki, suga ya riƙa faɗuwa ba gargaɗi. Ta sa shi ya je likita ya rage masa, ta sa shi ya riƙa yawo da alewa a aljihu. A karon farko kuma ta sa rana da bakinta: bayan girbin bana za ta dawo gaba ɗaya. Dalsu bai yi tsokana ba a ranar. Ya ce zai gyara murhun da ke ɗumama daɓen ɗaki, don ya fara hayaƙi.

Ranar wata Talata a watan Mayu, lokacin dashen shinkafa, ya karanto mata casa'in da shida da safe. Ta ce ya yi kyau, ya ci abinci kafin ya fita. Ya ce to. Wajen ƙarfe huɗu na yamma tana tsaka da yi wa wani tsoho aski wayarta ta yi ƙara. Hyangran ce daga Qingdao, tana kuka, ta ce an kai Baba asibiti a Helong bai san inda kansa yake ba.

Kwana biyu Bunok ta yi kafin ta isa. Ta same shi da tiyo a hanci, ido a buɗe, ba ya bin kowa da kallo. Likitan, wani matashi mai gajiya a fuska, ya ce lokacin da aka kawo shi sugansa ɗaya ne da ɗigo ɗaya. Kafin ya rufe baki ta riga ta ninka: ashirin, bai ma cika ba. Ya ce an ɗura masa suga nan take, amma ƙwaƙwalwa ta yi sa'o'i ba abinci, abin da ya lalace ya lalace. Ya tambaya ko ya yi wa kansa allura sau biyu bisa kuskure, don faɗuwar ta yi yawa. Bunok ta ce mijinta ba ya irin wannan kuskuren.

A kwana na uku ta bar Hyangran a wajensa, ta hau mota zuwa ƙauye ɗebo kaya. Gidan yana nan yadda ya bar shi. Shinkafar safiyar Talata tana cikin tukunya ba a taɓa ta ba, ta yi tsami. Ya yi sammakon kai tiren irin shinkafa fadama ke nan, da niyyar ya dawo ya ci. A bakin murhu ga bulo sabo da buhun siminti rabi. Na'urar tana kan taga, kusa da alƙalamin allurarsa. Ta danna maɓallin da ke nuna gwaje-gwajen baya. Na ƙarshe, ranar Talata, ƙarfe goma da minti goma sha biyu: arba'in da ɗaya. Biyu da ɗigo uku a lambar gida. Cokali biyu na sukari a ruwa da sun tashe shi.

Tana riƙe da na'urar Goggo Pyo ta shigo, tana dogara sanda, da ƙwaryar kunun shinkafa a ɗaya hannun. Ta ajiye, ta kama hannun Bunok ta yi kuka, sannan ta zauna a bakin daɓe ta ba da labari. Ta ce ta fito shanya ganye ta hango shi zaune a ƙofar rumfar iri, ya jingina, gumi ya jiƙa masa riga, yana magana ba kan gado. Ta ja shi har ɗaki, ita da ƙashinta na tsufa. Tata na'urar tana gida, ga tasa a kan taga, sai ta soki yatsansa.

"Maman Hyangran, da idona na gani. Arba'in da ɗaya. Ni shekara ashirin ina wannan ciwo, ashirin da biyu na taɓa gani, ranar ma sai da aka kwantar da ni. Na ce yaron nan sugansa ya hau kansa. Likitana ya ce in na wuce ashirin in yi allura awo sha biyu, to shi da ya ninka, sai na ninka masa. Hannuna ko rawa bai yi ba."

Ta ce bayan nan ta lulluɓe shi, ta zauna a gefensa tana jiran allurar ta yi aiki, don ta san sai an ba ta lokaci. Ya daina surutu ya yi shiru, ta ce barci ne na samun sauƙi. Sai da rana ta karkata, ta ga bai farka ba, ta tafi neman mai mota a ƙauyen gaba.

"Da ban yi masa ba, da a nan ɗakin zai cika," in ji ta. "Kin ba ni amana, na riƙe iya ƙarfina."

Bunok tana jin kowace kalma. Kwalin yana nan a bangon kicin, taku biyar daga inda suke zaune, da rubutun hannunta, ya yi baƙi da hayaƙi. Don Dalsu ta rubuta shi. Shekara uku tun da ta aiko na'urar tana kiran waya kowace safiya, ta juya lambar mazan mata sun fi hamsin, amma ko sau ɗaya ba ta tambayi kanta ba, ranar da Dalsu ya faɗi, hannun wa zai riƙe na'urar. Layi ɗaya na gargaɗi a bayan na'urar da ya isa.  Ta kalli tsohuwar, ta kalli yatsunta da suka kumbura da sanyin ƙashi, yatsun da suka ja namiji daga rumfa har ɗaki.

"Kin yi ƙoƙari, Goggo," in ji ta. "Allah ya saka."

Ga Hyangran kuwa ta ce Babanki ya yi allura bai ci abinci ba, shi ke nan. Yarinyar ta yi ta faɗa a kan taurin kan mahaifinta, Bunok ta bar ta ta yi, duk da zafin da take ji ana ɗora masa laifin da ba nasa ba, shi kuma ba bakin kare kansa.

Bayan wata ɗaya aka sallamo shi. Ba ta koma Ansan ba, wata ce ta tattaro mata kayanta ta aiko. Ta ƙarasa gyaran murhun da kanta, ta shimfiɗa masa katifa a wuri mafi ɗumi. Duk sa'a biyu tana juya shi, kuma har yau babu gyambo ko ɗaya a bayansa. Ta sayi na'urar gida a Helong, mai ƙananan lambobi. Ta Kudun ta naɗe ta a tsumma ta tura ƙasan akwati.

Goggo Pyo ba ta fasa zuwa ba, kullum da ɗan abin da ta dafa. Wata rana da kaka, ana sussukar shinkafar da wasu suka noma a fadamar Dalsu, ta ga Bunok tana gwada shi da sabuwar na'urar. Ta yi ta juya maganar a baki kafin ta fito da ita.

"Maman Hyangran, ita waccan ta Kudun, tunda ba kya amfani da ita, ki ba ni mana. Tawa ba na yarda da ita, kullum tara, goma, kamar tana jin kunyata. Taku ce mai faɗin gaskiya."

Bunok ta ci gaba da goge yatsan Dalsu da auduga. "Ta lalace, Goggo."

"Ta lalace? Kayan Kudu?"

"Ta lalace."

Tsohuwar ta dubi akwatin, ta dubi Bunok, ta ce to, ba komai, ai ita ma ba roƙo ta zo yi ba. Ta ɗauki sandarta ta fita ba ta jira ƙwaryarta ba. Kafin mako ya ƙare gidaje bakwai ɗin duk sun ji cewa Bunok ta dawo daga Kudu da rowa, ta hana tsohuwar da ta ceci ran mijinta abin da ko amfani ba ta yi da shi. Wasu suka ce dama haka Kudu ke mayar da mutum. Goggo ta daina shigowa, in sun haɗu a hanya sai gaisuwa a tsaye.

Bunok ba ta kare kanta wajen kowa ba. Da sanyi ya shigo, ita ce take faskara itace ta kai ƙofar Goggo da sassafe, ta jera a inda Dalsu yake jerawa, ta dawo gida kafin lokacin juya shi ya yi.